Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

 Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tun da kuwa na samu fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, to ba zan bari ta wuce ba. Maganar ita ce ta inshorar lafiya da ƙasashen waje suke ɗora wa baƙi, suna jujjuya dokokinta kamar waina a tanda, da kuma irin kukan da 'yan bokonmu suke yi a kai, wanda ni a ganina sun kai shi gidan da ba can aka yi rasuwar ba.

Ni mutumin Dogon Daji ne, a ƙasar Tambuwal. Mu mutanen wannan yanki, da mu da maƙwabtanmu na Kebbe, ba a koya mana tafiya. Da an kai amfanin gona gida sai samari su ɗaure kaya su tafi cin rani, wasu Ikko, wasu Badun, wasu su tsallaka har Kumasi. Hanyar gabas ma ba baƙuwarmu ba ce. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka nausa, wasu suka zauna a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, wasu suka isa Makka. Yau kuma ga leburori da direbobi a Jidda, ga ɗalibai da ma'aikatan asibiti a Ingila. Saboda haka wannan batu namu ne, har cikin ɗakin tsohuwa yake shiga.

Bari mu fara da abin da ake nufi da inshorar. Watau mutum ya riƙa zuba wani abu cikin asusu tun yana da lafiya, ran da ciwo ya kayar da shi sai asusun ya biya masa kuɗin asibiti. To ga yadda ake yi da baƙo a can.

A Saudiyya an kafa dokar inshorar lafiya ta baƙi a 1999, aka bi ta sannu sannu, manyan kamfanoni tukuna sannan ƙanana, har ta kai ba a sabunta wa ma'aikacin kamfani igamarsa, watau takardar zama, sai da inshora. Ubangidansa ne zai saya masa, shekara shekara. Ran da aiki ya ƙare, inshora ta bi shi. Ba a tsaya nan ba, a Yulin 2017 aka sa wa baƙo harajin Riyal 100 kowane wata a kan kowane mutum da yake riƙe da shi, mata ko ɗa, aka yi ta ƙarawa har ya kai Riyal 400 a 2020. Magidanta da yawa dole suka maido da iyalinsu gida. Wanda kuwa ba shi da igama, kamar yadda da yawan 'yan'uwanmu suke zaune, ba ya ma cikin lissafi. In ciwo ya kama shi sai ya kwanta a ɗaki yana jiƙe-jiƙe, don tsoron kada ƙofar asibiti ta zame masa ƙofar jirgi.

A Ingila kuwa, inda a da ɗalibi baƙo yake ganin likita kyauta, a 2015 aka fito da kuɗin lafiya na baƙi, fam 200 a shekara, ɗalibi fam 150. A 2019 aka ninka shi. A 2020 ya koma fam 624. A Fabrairun 2024 ya tashi zuwa fam 1,035, ɗalibai da yara fam 776. Cikin shekara tara ke nan ya ninka fiye da sau biyar. Kuma a dunƙule ake biya, tun kafin a buga wa mutum biza. Malam mai karatu, ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu, bizar aiki ta shekara 3, fam 10,866 ke nan, ba a zo maganar kuɗin bizar kanta ba, ba a zo na jirgi ba. In ya isa kuma a yanki haraji a albashinsa kamar kowane ɗan ƙasa. An cire ma'aikatan lafiya daga wannan biya a 2020, don ana bukatarsu a lokacin annobar korona. Ka ji inda gizo yake saƙar. Ana sassauta wa baƙo gwargwadon amfaninsa ne.

To, da aka yi wannan ƙari sai 'yan boko suka cika duniya da kururuwa, wai an zalunce mu, wai wariya ce. Ban ce babu ƙamshin gaskiya ba, wanda ya biya haraji kuma aka sake karɓar kuɗin asibiti a hannunsa, ai sau biyu aka yi masa aski. Amma ina tambaya, yaushe baƙo ya taɓa tsara wa mai gida yadda zai raba tuwonsa? A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice daga Gana, mutanenmu na zango suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. A 1983, zamanin Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu yake nan kusa da mu, mu ma muka yi wa mutanen Gana irinta. Kowace ƙasa in tukunyarta ta yi ƙasa, kwanon baƙo take fara janyewa. Baƙo raɓa ne, haka aka ce tun kaka da kakanni.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne abin da baƙon yake tararwa in ya dawo. Kowa a garinmu ya san irin wannan dawowa. Mutum ya yi shekara ashirin ko talatin yana ɗaukar kaya a ƙasar mutane, shi ya gina gidansu, shi ya aurar da ƙannensa. Ƙarfi ya ƙare, ga hawan jini, ga ciwon suga, ubangida ya sallame shi. Duk abin da aka zuba masa a inshorar can ya zama na can, ko kwabo ba ya biyo shi. Ya sauka gida ba kati ba asusu. Sai a ɗauke shi a mota zuwa Tambuwal, daga nan a ce sai Sakkwato, a can kuma a ce wankin ƙoda, sau biyu ko uku kowane mako. Da fari a sayar da tumaki, sannan shanun huɗa, daga ƙarshe gonar gado. Ciwon mutum ɗaya ya talauta zuri'a guda.

Wa ya jawo wannan? Ba Balarabe ba ne, ba kuma Bature ba. A 1999, shekarar da Saudiyya ta yi tata dokar, mu ma muka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Sai 2005 aka fara aiki da ita, ita ma kusan a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya ta tsaya. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau gwamnatin tarayyarmu ba ta cika ba. A Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta ce inshora ta zama dole a kan kowa. Doka dai ga ta a takarda, amma da ƙyar a samu mutum ɗaya cikin goma mai kati, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a neman magani daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Gana ɗin da muka kori mutanenta ta kafa nata shirin a 2003, ta ɗora masa haraji a kan kayan saye, har mai sayar da koko a zango tana iya yankar kati.

Me ya sa namu ya ƙi tafiya? Ai wanda ba ya kwana a ɗaki bai damu da yoyonsa ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a Jidda ya yi jinya a 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, a can kuma ya cika a 2025. Allah Ya jiƙansu, ba mutuncinsu nake taɓawa ba, ɗabi'ar manyanmu gaba ɗaya nake nunawa. Su ƙarin fam dubu ba ya hana su barci. Talaka ne yake shan duka a waje, ya dawo gida ya sha wani.

Na san wasu dattawanmu za su ce inshora caca ce. Allah Ya ja zamaninku, a duba da kyau. Manyan malamai sun bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakekeniya, a kan haka aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979, ita ma Saudiyya sunan taimakekeniya ta ba tata. In an yi gayya a gonar wanda ya kwanta ciwo, caca aka yi? In mata sun yi adashi, wadda haihuwa ta zo wa aka ba ta kwasar farko, caca ce? Abin nan namu ne, suna kawai aka sauya masa.

Saboda haka ga kirana. Na farko, 'yan Nijeriya mazauna waje suna aiko da wajen dala biliyan 20 a shekara. Tun 2020 akwai shirin tarayya da mutum zai iya saya wa kansa ko iyalinsa kati, jiharmu ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya. Amma wa ya taɓa jin an yi shelarsu ran kasuwar Dogon Daji? A buɗe hanya mai sauƙi yadda na Jidda zai biya wa tsohuwarsa, ya kuma riƙa ajiye wa kansa don ranar dawowa. Na biyu, hukumar kula da mazauna waje da hukumar alhazai su riƙa bayyana duk dokar da aka sauya, da Hausa, a gidan rediyon Rima, kafin mutum ya sayar da gona ya biya dillalin biza. Na uku, kati ba ya warkarwa, a zuba magani da ma'aikata a asibitocin karkara, in ba haka ba an sayar wa talaka takarda ce kawai. Na huɗu, duk mai neman ƙuri'armu a Tambuwal da Kebbe mu tambaye shi a bainar jama'a, ranka ya daɗe, kai a wane asibiti ake duba ka?

Mu kuma ɗaliban Hausa, me ya rage mana? Mu ne muka iya karanta dokar da Turanci, mu ne muka iya faɗinta da harshen da tsoho zai gane. In muka yi shiru, wa zai faɗa? In an tafi hutu kowa ya zauna da ƙungiyar garinsu, a kafa asusu ko da na naira ɗari ɗari ne, a rubuta wa 'yan'uwa na waje su sa hannu.

Mai zane yana da ikon karɓe abinsa ko a tsakiyar kasuwa ne, kuma ga shi muna gani yana karɓewa. Mu saƙa namu tun da sauran zare a hannu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na waje, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, amin.