Laifin Na'ura ko na Mai Aiki da Ita?

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jiragen saman Amurka samfurin B-17 sun yi ta haɗari wajen sauka. Aka ɗora musu laifin sakaci, har sai da wani masanin halayyar ɗan'adam, Alphonse Chapanis, ya duba wurin tuƙin. Ya tarar makunnin tayoyi da na fikafikai kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Sai aka liƙa wa ɗaya 'yar tayar roba, ɗayan kuma aka ba shi siffar fiffike. Hannu ya riƙa bambance su ko ido bai duba ba, kuskuren ya kau.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa tana da iyaka. A 2001 Nelson Cowan ya bayyana cewa abubuwa kamar huɗu take iya riƙewa a lokaci guda. Saboda haka idan dattijo ya rikice gaban na'urar cirar kuɗi, bai kamata a kira shi bagidaje ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗalibin da ke son zama injiniya ya kamata ya gwada abin da ya ƙera a hannun wanda bai taɓa ganinsa ba, ya gyara duk inda mutumin ya yi tuntuɓe.