Likita Ya Ɗinke, Wa Zai Hana Yagewa?

A Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari daga birnin Katsina, akwai asibitin da asalinsa na kutare ne. A nan ne Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a 1984. Yau wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Mata dubbai sun warke, amma har yanzu sababbi na zuwa. Me ya sa?

Ilmin halittu ya bayyana yadda cutar ke samuwa. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Fiɗa a kan lokaci tana hana wannan duka.

To, me ke hana mace isa ga fiɗar? A 1994, wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, sun kasa jinkirin gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da na isa can, da na samun kulawa bayan an isa. Babu ɗaya daga cikinsu da allura ke warkarwa. Ana jiran izinin maigida da ya tafi cin rani, ko ana neman mota, ko kuwa ana cewa sai an biya kuɗi tukuna.

A nan doka ta shigo. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili, kuma ya tanadi tara ko ɗauri. Sai dai dokar da mace ba ta san da ita ba, tamkar rijiya ce ba guga. Haka kuma matar da miji ya yasar saboda lalurar tana da hakkin ciyarwa da alƙali zai iya ƙwato mata, in ta sami mai tsaya mata.

Saboda haka ƙasar nan na buƙatar mutanen da suka san jiki, suka kuma san shari'a: ungozomar da ta karanta aikin lauya, ko lauyar da ta ƙara da ilmin lafiyar al'umma. Wasu za su ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, in a lokaci guda aka jefa su baki; amma ɗaya bayan ɗaya, sarai suna taunuwa.

Ya kamata malamai su daina nuna wa ɗalibai cewa ajin kimiyya da na fasaha gaba suke yi. Ɗalibar da ke zana hoton mafitsara a allo yau, ita ce za ta iya tsayawa gobe gaban alƙali ko majalisa, ta yi bayanin da zai sa layin Babbar Ruga ya ragu.