Flutter a Tamale: Wayar Hannu Ta Karɓe Shi, Shafin Intanet Fa?

Duk bayan 'yan shekaru sai wani babban kamfanin fasaha ya fito da sabon dandamalin gina manhaja, ɗauke da alkawarin da kunne ya saba ji: a rubuta sau ɗaya, ta yi aiki ko'ina. Wanda yake tashe yanzu shi ne Flutter na kamfanin Google. Sigarsa ta farko ta fito a watan Disamba na 2018, an nufe ta da wayoyin hannu, sannan a watan Maris na 2021 aka sanar cewa ya nuna har ana iya gina manhajar da za ta buɗe cikin burauza da shi. Ana rubuta shi da harshen kwamfuta mai suna Dart, kuma kyauta ne ga kowa. Tambayar da ta dace a yi a gari irin Tamale ita ce: a wane fage zai yi kasuwa, kuma wa zai biya kuɗin kuskure idan aka kai shi inda bai dace ba?

Ta fuskar masu rubuta manhaja, hujjar Flutter mai ƙarfi ce. Tamale tana da nisan kimanin kilomita 600 daga Akra, inda manyan kamfanonin fasaha na Gana suka tattaru. Matashin da ya kammala karatu a Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka kafa a 1992, ko a Jami'ar Fasaha ta Tamale, ko wanda ya koyi sana'ar a cibiyoyi irin HOPin Academy, galibi shi kaɗai ne kamfanin kansa. Shi ne mai zayyana, shi ne mai rubutu, shi ne mai zuwa karɓar kuɗi. Abokan cinikinsa makarantun kuɗi ne, da ƙungiyoyin agaji, da ƙungiyoyin mata masu man kaɗanya, da dillalan hatsi na kasuwar Aboabo. Babu ɗaya a cikinsu da zai biya kuɗin manhaja uku, ta Android da ta iPhone da ta intanet. Kayan aikin da zai ba mutum guda damar fitar da ukun daga rubutu ɗaya ya rage masa wahala ƙwarai. Ga kuma wata dabara da Flutter ya yi suna da ita, wato mai rubutu ya sauya layi ya ga sakamakon nan take a fuskar waya ba tare da ya sake tayar da manhajar ba. Wanda yake aiki da tsohuwar kwamfuta yana fargabar ɗaukewar wuta ya san darajar minti biyar. A wannan fage na wayar hannu babu ja, Flutter yana da makoma a Tamale, musamman da yake manyan ayyuka irin Google Pay sun nuna zai iya ɗaukar kaya mai nauyi.

Shafin intanet kuwa wata magana ce daban, kuma sai an fahimci yadda abin yake aiki kafin a gane dalili. Shafi na al'ada ana gina shi da HTML, wato ana miƙa wa burauza rubutu a matsayin rubutu, ita ta shimfiɗa shi. Flutter ba haka yake yi ba. Yana buɗe wani fili kamar allo a cikin shafin, sai ya zana komai a kai da kansa: maɓallai, hotuna, har da haruffa. A da yana da hanya ta biyu mai dogaro da HTML, amma an cire ta a farkon 2025. Saboda haka kafin mai ziyara ya ga ko da kalma ɗaya, dole wayarsa ta sauke injin zanen, wanda nauyinsa ya haura megabayit ɗaya, ban da manhajar kanta. A ofishin da ke da intanet mai gudu wannan ba komai ba ne. Ga mai sayen data ta sidi kaɗan a Savelugu ko Tolon, inda sabis yake zuwa yana komawa, farin allo na daƙiƙa ashirin ya isa ya rufe shafin ya koma WhatsApp.

Ya kamata a tuna abin da ya yi nasara a Gana tun kafin wannan zance. Kamfanin MTN ya fara hidimar aika kuɗi ta waya a 2009, kuma abin da ya kai ta kowane lungu lambar *170# ce, jerin zaɓi na baƙaƙen haruffa da ke aiki a wayar da ba ta da intanet ko kaɗan. Babu launi, babu motsi, amma ta shiga hannun mai sayar da koko da mai ɗinkin batakari. A ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Gana na kwanaki. Wanda ya ga wannan rana ba zai raina shafi marar nauyi ba.

Masu zayyana fa? A nan tarihin Silverlight yana da abin faɗa. Microsoft ya fitar da shi a 2007 don ya kara da Flash na Adobe, kuma ya samu manyan abokan ciniki: da shi aka watsa wasannin Olamfik na Beijing na 2008 ta intanet a Amurka, Netflix ma ya yi amfani da shi. Masu rubuta manhaja da suka saba da kayan Microsoft sun yi na'am da shi. Masu zayyana kuwa, duk da an ƙera musu Expression Blend, akasarinsu ba su bar kayan Adobe da hannunsu ya saba da su ba. Da wayoyin zamani suka mamaye duniya, burauzar iPhone ba ta karɓi Silverlight ba, ba ta karɓi Flash ba. Flash ya mutu a ƙarshen 2020, Silverlight ya bi shi a watan Oktoba na 2021. Adalci ne a ce Flutter ya bambanta da su: ba ya bukatar a girka wani ƙarin abu a burauza, kuma rubutunsa a buɗe yake, ko Google ya janye hannu wasu za su iya ci gaba da shi. Amma ta wajen masu zayyana labarin bai sauya sosai ba. Suna yin aikinsu a Figma ko Canva ko Photoshop, su miƙa hoto ga mai rubutu, shi ya mayar da shi Dart. Flutter yana cika musu buri guda, wato zanen ya fito iri ɗaya a kowace waya, sai dai ba su ne ke riƙe da alƙalamin ba. Mai zayyana a Tamale da yake cin abinci da fastocin biki da tambarin shaguna ba shi da dalilin koyon Dart, alhali WordPress zai ba shi damar kammala shafin makaranta shi kaɗai cikin mako.

Abin da ya fi shafar ɗalibin Hausa shi ne makomar rubutun kansa. Idan an zana haruffa a kan allo kamar hoto, injin bincike ba ya karanta su yadda yake karanta shafi na al'ada. Neman kalma a cikin shafi ta hanyar burauza ba ya aiki. Kwafe jimla ba ya yiwuwa sai mai manhajar ya tanadi hakan da gangan, kuma na'urar da ke karanta wa makafi allo tana bukatar shiri na musamman. Masu Flutter da kansu sun bayyana cewa ba a yi shi don shafuka masu yawan rubutu irin na labarai da maƙalu ba. Turanci zai iya jure asarar shafi dubu da suka ɓuya daga injin bincike. Hausa da Dagbanci ba su da wannan wadata. Masu sa kai a Tamale sun yi ɗawainiya har Dagbanci ya samu Wikipedia tasa a 2021, kuma amfanin wannan aiki ya rataya ne a kan cewa kowace jimla ana iya nemo ta, a kwafe ta, a kafa hujja da ita. Ƙamus na Hausar zango, ko tarin tatsuniyoyi, ko rubutattun waƙoƙin ajami na malaman Salaga da Kete Krachi, idan aka zuba su cikin shafin Flutter don ya yi kyau, an adana su ne a ɗakin da ba shi da taga.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ, Dagbanci yana da ɛ da ɔ da ŋ da ɣ da ʒ. Yawancin salon haruffa na ado da masu zayyana ke so ba su ɗauke da su. A shafi na al'ada, burauza takan aro harafin da ya ɓace daga cikin waɗanda ke wayar. Ya fito a karkace, amma ya karantu. Flutter a intanet ba ya taɓa haruffan wayar. Sai ya aika a sauko masa da madadi, kuma kafin ya iso, ko idan sabis ya yanke, ƙaramin akwati ne zai tsaya a gurbin harafin. Mai karatu ya rasa ko “ƙafa” aka rubuta ko “kafa”, tunda akwati ba ya nuna lanƙwasa. Maganin ba wuya gare shi: a zaɓi salon da ya ƙunshi haruffan, irin Noto Sans ko Andika, a haɗa shi cikin manhajar tun farko. Amma wannan ƙarin nauyi ne a kan wanda ake kuka da shi, kuma sai wanda ya damu da harshen ne zai tuna ya gwada. Abin yabo guda shi ne Flutter yana iya jera rubutu daga dama zuwa hagu, don haka manhajar koyar da ajami a waya ba za ta sha wahala ta wannan gefe ba.

Inda Flutter zai zauna da gindinsa a burauza shi ne ayyukan cikin gida: rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa, lissafin buhunan masara da waken soya a sito, allon da ma'aikacin ƙungiya yake duba rahoton ƙauyuka. Masu amfani da irin waɗannan mutane ne ƙididdigaggu, suna buɗe su kullum, burauza ta riga ta ajiye injin zanen tun ziyarar farko, kuma babu mai bukatar Google ya gano su. Mai makarantar da ya zo neman shafin da iyaye za su samu idan sun rubuta sunan makarantar a waya, shi kam HTML ya kamata a gina masa, ko da mai rubutun ya fi jin daɗin Dart.