Zuwa Bakin Ruwa Lokacin Hutu

Idan an tashi makaranta don babban hutu, damina ta riga ta zauna. Gero ya yi tsawo, ƙoramu sun kawo, kowane kududdufi ya cika ya batse. A lokacin nan ne yaran Rawayya da na Bungudu da na Tsafe sukan ƙosa gari ya waye su tafi bakin ruwa. A lokacin nan ne kuma hankalin iyaye ba ya kwanciya sai sun ga 'ya'yansu sun komo gida.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu sun ce a hana yara zuwa bakin ruwa sam. Waɗansu kuwa, yawancinsu samari, sun ce ai tsoron ruwa ragwanci ne. Ni dai a ganina dukansu ba su faɗi daidai ba. Ya kamata yaro ya je ya ga ruwa, ya kuma koyi iyo, amma a wurin da ya dace, a gaban babba.

Me ya sa ya kamata a je? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga Dutsen Kwatarkwashi nan a ƙasar Bungudu, wanda matafiyi yakan hango daga hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Akwai idon ruwa a wurin, kuma in an yi ruwan sama sai ka ga ruwa yana gangarowa ta jikin duwatsu. Yaron da ya tsaya ya dubi wannan da idonsa ya gane abin da malam ya sha faɗa a aji, watau ruwa daga tudu yake neman gangare, ƙorama ta zuba cikin rafi, rafi ya zuba cikin gulbi. Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau ma haka ya faro, daga wajen Funtuwa, yana tafe yana karɓar ƙoramu har ya ƙasaita.

Wanda Allah ya ba ikon tafiya nesa zai ga abin da ya fi wannan. Akwai wuraren da kogi yakan iso bakin dutse ya faɗo ƙasa gaba ɗaya. Ɗaya yana Matsirga, kusa da Kafanchan. Wani yana kan Kogin Gurara a Jihar Neja, tsakanin Suleja da Minna, inda ruwa yake faɗowa daga tsawon wajen mita 30. Na Farin Ruwa, a ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa, ya kai wajen mita 150. Tun daga nesa mutum zai ji ƙugi kamar na hadari. In ya matso, feshi ya jiƙe masa riga, wani lokaci har ya ga bakan gizo cikin feshin. Lalle wanda ya ga wannan ba ya mantawa, kuma zai ƙara sanin ikon Ubangiji.

To, amma kallon ruwa dabam, shigarsa dabam. Akwai abubuwa uku da kowane ɗan makaranta ya kamata ya sani kafin ya tuɓe riga.

Na farko shi ne gurbi. Ruwan da ke faɗowa daga bisa yana tafe da yashi da tsakuwa, shekara da shekaru yana haƙa gindin dutse, har ya yi rami mai zurfi. Daga sama wurin yana da ban sha'awa, amma a ƙasa ruwan juyawa yake yi, yana janyo abin da ya kama ya komar da shi ƙarƙashin mafaɗar ruwan. Ruwa mai kumfa kuma ba ya ɗaukar mutum kamar sauran ruwa, domin iska ta cakuɗa da shi. Ga duwatsun gefe da gansakuka, santsi kamar an shafa mai. Saboda haka ko gwanin iyo ba ya wasa da irin wannan wuri.

Na biyu shi ne kawowar ruwa. Kada ka dubi sama ka ga ba hadari ka ce ka tsira. Ana iya yin ruwa mai yawa can wajen Funtuwa alhali rana tana haske a Gusau, sa'an nan gulbi ya kawo ba sallama. Ina yaro na ga haka da idona. Muna wanka a wata ƙorama, ruwa iyakar gwiwa, sai wani dattijo mai noma a gefe ya daka mana tsawa, ya ce, “Kai yara, ku fito maza!” Ashe ya ga ruwan ya soma yin ja, yana kawo karare. Ba mu gama sa riguna ba sai ga shi ya shafe inda muke tsaye. Da ba domin dattijon nan ba, da ban rubuta muku wannan ba.

Na uku ba a ganinsa da ido, shi ne ciwon tsargiya. Wata 'yar tsutsa ce ke kawo shi, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Mai ciwon in ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan katantanwa, su yi yawa, sa'an nan su fito su huda fatar mai wanka. Bayan 'yan watanni sai yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Waɗansu sukan ce wai alamar zama namiji ce. Ba haka ba ne, cuta ce. Tana rage jini, tana sa kasala a aji, in ta daɗe kuma tana ɓata mafitsara. Tana da magani a asibiti, ana kuma raba shi a makarantu. Wanda ya ga jini kada ya ji kunya, ya gaya wa iyayensa ko malaminsa.

Wani zai ce, to, tun da haka ne, ba gara a hana zuwan ba? A'a. Yaron da aka hana yakan saci jiki ya tafi, kuma wanda ya tafi a ɓoye ba wanda ya san inda za a neme shi. Ban da wannan, mutanenmu da yawa sai sun haye ruwa kafin su kai gona ko kasuwa. A shekarar 2024 kwalekwale ya kife da manoma a Gummi, mutane masu yawa suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Iyo dai ilimi ne kamar karatu, kuma wata rana shi zai ceci rai.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka tafi sai da iznin iyayenka, kuma sai manya sun tabbatar hanya lafiya, gama a shekarun nan ɓarayin daji sun hana mutane sakewa a wurare da yawa na Zamfara. Ka tafi tare da babba wanda ya iya ruwa, ya kuma san wurin. Ka koyi iyo inda ƙafarka ke taɓa ƙasa. Kada ka yi tsalle cikin ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. Ka guji ruwa kwantacce mai ciyawa da katantanwa, kada kuma ka yi fitsari ko bayan gida cikinsa. In abokinka ya soma nutsewa, kada ka faɗa ka bi shi, domin zai riƙe ka ku tafi tare. Ka yi kururuwa, ka miƙa masa sanda ko igiya, ko ka jefa masa jarka rufaffiya.

In abokai sun yi maka dariya sun ce kai matsoraci ne, ƙyale su. Rigakafi ya fi magani. Ka je ka sha kallo, ka komo lafiya, ran da aka buɗe makaranta ka tashi a gaban aji ka ba mu labarin abin da ka gani.