Filin Makaranta da Gasar Ƙwallon Ƙauyuka

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Dambatta da Bichi da Makoda da Minjibir ba a barin ƙasa ta huta. Gona na jikin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake sun cinye ko'ina, rabon gado kuma sai ƙara tsaga gonakin yake yi. Filin ƙwallon ƙafa cikakke, mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, ya kai kashi bakwai cikin goma na hekta, wato ya fi gonar gadon wasu magidanta girma. Babu manomin da zai sadaukar da irin wannan wuri domin samari su buga tamaula. Saboda haka a yawancin ƙauyukan yankin fili ɗaya ne tak ya rage, shi ne na makarantar firamare.

A kan wannan fili ne gasar ƙauyuka take rayuwa. Da zarar an kawar da amfanin gona, sai ƙungiyoyi su yi karo-karo su sayi ƙwallo da riguna, a ɗauko alƙalin wasa daga wani gari don gudun zargin son kai, a riƙa karawa bayan la'asar har rana ta faɗi. 'Yan wasan manoma ne da teloli da 'yan acaɓa da ɗalibai, babu mai albashi a cikinsu. Wani lokaci ɗan siyasa kan sa kofi, amma irin wannan kofi yakan ɓace da wucewar zaɓe.

Masu raina wannan gasa sukan manta cewa ƙwallon Nijeriya hawa-hawa ne. A sama akwai gasar ƙwararru ta NPFL, wadda Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta lashe a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ƙarƙashinta akwai NNL, sannan NLO ta 'yan sha'awa, daga nan sai gasannin jiha da na matasa irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano. Yaron ƙauye ba ya faɗowa cikin ɗayansu daga sama. Sai ya fara samun wurin da zai buga, wani ya gan shi.

To, wurin ne ke salwanta. Makarantu da dama an kafa su ne a zamanin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, a kan ƙasar da jama'a suka bayar da baki, ba awo ba takarda. Kowace damina maƙwabci ya ƙara kunya biyu ko uku, babu mai magana don kara. Wani hedimastan da kansa yake nome filin, yana cewa kuɗin alli yake nema. Idan aka samu sabon ginin aji kuwa, sau da yawa tsakiyar filin ake dasa shi, alhali akwai gefe.

Hedimastan da ya hana samarin gari shiga yana da hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Ana fasa tagogi, ana ɓata harabar, wasa kan ƙare da doke-doke tsakanin ƙauye da ƙauye. Sai dai kulle fili bai taɓa tsare shi ba. Filin da ba a takawa shi ake fara nomewa, wanda kuwa ƙungiyoyi takwas ke jiran ranar wasansu a kansa yana da masu gadi da ba a biya.

Abin da ya kamaci malami sabon fita shi ne ya nemi a zauna da dagaci da kwamitin gudanar da makaranta da shugabannin ƙungiyoyi, a shata iyakar filin a gaban shaidu, a dasa darbejiya a kanta, a rubuta. A yi sharaɗi cewa ba wasa sai an tashi daga karatu, ƙungiyar da magoya bayanta suka yi ɓarna ita za ta gyara, kuma a ware wa 'yan makaranta ranakunsu, har da 'yan mata, waɗanda galibi ba a tunawa da su. Malamin Hausa ma yana da rabonsa a nan: ɗalibin da ya kasa rubuta insha'i a kan damina, a sa shi ya rubuta rahoton wasan jiya, da satar fage da bugun kusurwa da bugun daga kai sai mai tsaron gida, zai cika shafi biyu kafin a kaɗa ƙararrawa.