Yaron da ke toshe kunnensa ba taurin kai yake yi ba

A Avedji, kamar yadda yake a Agoè-Zongo da sauran unguwannin Lome, ƙara ba ta yankewa. Baburan zemijan suna kai da komo, injin niƙa yana aiki, janareta na ruri in wuta ta ɗauke, ranar biki kuma lasifika ce har dare. Mu manya mun saba. Amma akwai yaron da wannan ƙara take yi masa zafi kamar ana soka masa tsinke a kunne. Sai ya toshe kunnuwansa da hannu, ya yi ta ihu, ko ya ruga ya ɓuya. Wani a doke shi, wani a kulle shi a ɗaki, wani a ce iska ce ta taɓa shi.

Da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Likita Leo Kanner ne ya bayyana ta a Amurka a 1943. Ba ta yaɗuwa, ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin maita ba ne. Ƙwaƙwalwar yaron ce take karɓar magana da haske da ƙara ta wata hanya dabam. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke bi ya sa rashin jure ƙara da taɓi cikin alamominta.

Ra'ayinmu shi ne, yaron da ƙara ke wahalarwa a ba shi marufin kunne, kuma kada kowa ya ji kunyar haka. Ba ma jin kunyar saya wa yaro tabarau in idonsa ba ya gani sosai. To, wannan ma taimako ne irin wancan.

Marufin kunne iri biyu ne. Na farko shi ne wanda masu aiki da manyan injuna suke sawa. Ba shi da batir, soso ne a cikinsa. Yakan rage ƙara da kamar ma'aunin desibel 20 zuwa 30. Hirar mutane kusan 60 ce, ƙarar babur a kusa kuwa takan wuce 85. Na biyu shi ne mai batir, wanda ke sauraron ƙarar waje ya fitar da wata da za ta kashe ta. Ya fi amfani ga ruri mai ɗorewa irin na janareta, amma bai cika tare ham ɗin mota ko ihu ba. Ga shi da tsada, ga caji. Don haka ga yawancin gidaje na farkon ya isa. A nemi daidai kan yaro, wanda ba ya matse shi.

Wasu iyaye suna cewa, in an rufe masa kunne yaushe zai saba? Maganarsu tana da gaskiya a ciki. Yaron da ya wuni da marufi kullum, kunnensa yana iya ƙara tsoron ƙara, kuma zai rasa jin hirar gida wadda da ita yake koyon magana. Amma tilasta masa zama cikin ƙarar da ke cutar da shi ba ya sa ya saba, sai dai ya ƙara firgita. Abin da ya dace shi ne a sa masa lokacin bukata: zuwa kasuwar Asigame, wurin suna ko ɗaurin aure, kusa da injin niƙa. In an koma wuri mai shiru a cire.

Ga abin da za a kiyaye:

1. A fara kai yaron asibiti a duba kunnensa. Ciwon kunne ma yana sa yaro ya riƙa kama kunne yana kuka.
2. Kada a ɗora masa da ƙarfi. Uwa ko wansa su sa tukuna ya gani, a bar shi ya taɓa, ya gwada na ɗan lokaci a gida.
3. A bakin titi a riƙe hannunsa, don ba zai ji zemijan da kyau ba.
4. Lome akwai zafi da gumi. A goge marufin a shanya, a duba bayan kunne ko ƙuraje sun fito.
5. Kada a cusa masa auduga ko takarda cikin kunne.

Marufin kunne ba ya warkar da galahanga. Amfaninsa shi ne yaro ya samu natsuwa ya fita cikin mutane, ya je makaranta, ya ci abinci tare da 'yan'uwansa. Har yanzu yana bukatar masu koya masa magana, kuma ana horar da su a nan Lome, a makarantar ENAM. Ku tambayi likita ko nas su nuna muku hanya.

Maƙwabta da malaman makaranta, ku ma da naku aikin. In kun ga yaro da marufi a kunne, ku hana yara tsokanarsa. Mai biki ya juya lasifika daga ƙofar gidan da yaron yake, malami ya zaunar da shi nesa da ƙararrawa. Ranar 2 ga Afrilu ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don tunawa da waɗannan yara, amma haƙƙin maƙwabtaka na kullum ne. Allah ya ba yaranmu lafiya.