Kafin A Sayo Tabarau A Kalgo

Makon jiya wani ɗan ƙanena daga Wurogauri, mai karatun kimiyyar kwamfuta, ya tambaye ni: "Baffa, mu yaushe za mu fara koyon duniyar kwaikwayo?" Yana nufin fasahar nan da mutum ke ɗaura tabarau a fuska, ya ga kansa tsamo-tsamo cikin wani wuri da kwamfuta ta ƙera, in ya waiwaya wurin ya waiwaya da shi. Kafin in buɗe baki ya ba kansa amsa: sai ran da gwamnati ta sayo tabaran. Nan muka raba hanya.

Gaskiya ne abin ya faro da tsada. Na'urar da Farfesa Ivan Sutherland ya haɗa da ɗalibinsa Bob Sproull a Jami'ar Harvard a 1968 sai da aka rataye ta a rufin ɗaki, kuma zane-zanen layi kawai take nunawa. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan kusan dala biliyan 2. Amma a wannan shekarar ce kuma Google ya fito da tabaran kwali, wanda ake zura wayar hannu a ciki. Kwali, gilasai biyu da waya, shi ke nan.

Mutumin da na fi so ɗalibanmu su sani shi ne marigayi Randy Pausch, farfesan kwamfuta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Duniya ta san shi ne da laccar bankwana da ya yi a watan Satumba na 2007, yana fama da sankarar da ta yi ajalinsa a 2008. Ni kuwa ajinsa na gina duniyoyin kwaikwayo ne ya fi burge ni. Yakan tara ɗalibai daga sassa daban-daban, mai zane da ɗan wasan kwaikwayo da masu rubuta manhaja, ya raba su rukuni-rukuni, ya ba su mako biyu su gina wata duniya su nuna wa aji. Da an gama sai a sake cakuɗa su, kowa da sababbin abokan aiki. Babu haddar takarda, babu "karanta ka maido mini". Manhajar Alice da shi da abokan bincikensa suka samar don koya wa sabon shiga tsara kwamfuta, har yau kyauta ake sauke ta.

To wanne ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta kuma ga shi nan a Kalgo? Na san za a ce wuta, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai na ga masu cajin waya a kasuwannin ƙauye sun warware wannan da faifan sola guda biyu.

Abin ginawa kuwa muna da shi har ya yi yawa. Ga hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Ga kufan Surame, birnin Kanta. Ga kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi a Argungu. Ɗalibin tarihi ya kawo labari, na kwamfuta ya zagaya gini yana ɗaukar hotuna da waya ta kowace kusurwa, manhaja ta haɗa su su zama siffar da za a iya shiga. Ba sai an jira wani bature ya zo ya yi mana, mu koma neman izinin kallo ba.

Na ce wa yaron ya nemo abokai uku, ɗaya lalle daga sashen tarihi, su je wurin malaminsu da wannan shawara. Ya ce zai gwada bayan jarrabawa. Kwalin dai na riga na ajiye masa.